Kawuna Bakwai a Allon Illa

Ni ke riƙe wa Tankari tsani.
Shekara tara ke nan, bai taɓa ba ni buroshi ba,
sai gwangwanin fenti da kalanzir
da doka guda: kada ka yi atishawa.

Daga ƙasa nake ganin Tawa tana samun suna.
Jiya bango ne, akuya na sosa ƙugu,
yau Shagon Zali, Ɗinkin Mata da Yara,
da jan almakashi, baki buɗe kamar zai yi gulma.
Kifin da ya zana wa mai suya a bakin tabki
ya fi duk kifin Babaye ƙiba.
A ci, a dubi bango, a ƙoshi.

Aji uku ya yi a lakwal.
Kantin magani ya shekara biyar da harafi a juye,
ba wanda ya fasa warkewa.

Aggali maƙerin azurfa ba ya son allo,
ya ce ƙarar guduma ta isa talla.
Amma da la'asar shi ke hura gawayin shayi,
Zali ta aiko da ƙyallen goge hannu,
ɗan wasan rediyo ya zauna kamar mai gyangyaɗi,
ya kwashe muryoyinmu a aljihu.
Daren Laraba mu ji kanmu muna faɗa a akwati,
mu yi dariya kamar ba mu ba.

Sai allon Illa mai aski.
Kawuna bakwai, kowa da irin askinsa.
Baƙo zai ce zane ne.
Mu mun san na uku Alhu ne, ɗan Gwamma,
da ya hau motar Abijan bayan an yanke gero
da shuɗiyar jaka da alkawarin wata shida.
Na biyar Idde. Na ƙarshe ƙanen Tankari,
har tabon da jaki ya bar masa a gira.
Na tambaye shi, ya ce:
hannu ba ya zuwa inda ido bai kwana ba.

Kullum Gwamma na sauke ƙwaryar fura a nan,
inda ba inuwa, ba ciniki.
Takan ce wa Illa: rana na cin kunnen yaron nan.
Tankari ya hau, ya mayar da kunne,
ko dala bai karɓa ba.
Shekara goma sha ɗaya, Alhu bai yi furfura ba.

Bana wani yaro ya dawo daga Yamai da inji
mai tofo hoto kan leda cikin awa guda.
Fuskoki sumul, haƙora fes,
ba ɗan kowa a cikinsu.
Illa ya yi lissafi da yatsu, ya daɗe, ya saya.
Ban ga laifinsa ba. Masu aski na bin sabo.

Ni na sauko da tsohon allon. Ƙusa huɗu.
Na tsaya da shi a titi,
ban san inda ake kai mutum bakwai ba.
Guduma ta yi shiru.
Zali ta fito da tef a wuya, ta auna,
Aggali ya bi layinta da zarto,
a hankali, kada ya taɓa kunnen kowa.
Kafin magariba kowane kai ya sami ƙofa,
sai na biyu, da babu sauran nasa a gari.
Shi ne yanzu bisa murhun shayinmu,
yana shan hayaƙi tare da mu.

Gwamma ta ɗora nata kan ƙwarya maimakon faifai,
ta ce: yau dai ka raka ni gida.

Da iskar farkon damina ta yage ledar farko,
yaron inji ya zo, yana sosa ƙeya,
wai a rubuta masa sunan shago a bango.
Tankari ya hau, bai ce komai ba.
Daga ƙasa na ga harafi na uku zai juye.
Atishawa na cina.
Na riƙe tsani, na riƙe bakina.